Jami'ar Jiha da Ƙasar Kurfai: Sharhi a kan Tarihi da Tsarin Jami'ar Bubakar Ba ta Tilaberi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi sharhi a kan yadda ake ba da tarihin Jami'ar Bubakar Ba ta Tilaberi, da kuma tunanin da aka gina ta a kansa, watau tunanin "jami'ar jiha". Za mu dubi al'amarin ne daga Filinge da ƙasar Kurfai, a gabashin jihar, domin abin da mutum ke gani ya danganta da inda ya tsaya. Wanda ke zaune a bakin kogin Isa yana ganin jami'ar a ƙofar gidansa. Bakurfaye kuwa, ko da yake a takarda jami'ar jiharsa ce, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga ƙofarta.

Ya kamata a faɗa tun daga farko cewa ba aikin malaman wannan jami'a ko na shugabanninta muka sa a gaba ba. Abin da muke aunawa shi ne tsarin da aka miƙa musu, da labarin da ake bayarwa game da shi. Ma'aunin da za mu yi amfani da shi kuwa na gida ne, domin za mu ɗauko shi daga littafin marigayi Abdu Mumuni, L'Éducation en Afrique, wanda aka buga a Paris a 1964. A cikin wannan littafi ya soki makarantar mulkin mallaka bisa raba yaro da harshensa da kuma sana'ar mutanensa, ya kuma nemi a koyar da harsunan Afirka, a haɗa karatu da rayuwar al'umma da aikin da take ci da shi. Tambayarmu ita ce: shekara hamsin bayan wannan littafi, da aka tashi kafa jami'a a Tilaberi, wane ɓangare na wannan kira aka amsa, wane aka bari?

2.0 Tarihin da aka saba bayarwa

Tarihin da aka saba bayarwa gajere ne, kuma babu ƙarya a cikinsa. A 1971 aka buɗe cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai, ta zama Jami'ar Yamai a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Kusan shekara arba'in ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya. Ɗan Bilma da ɗan Gaya, duk wanda ya ci jarrabawar bakaloreya, in ba waje ya fita ba, Yamai zai nufa. Cunkoson zauren lacca da na ɗakunan kwana, da jinkirin kuɗin alawus, da shekarun karatu da suka riƙa hawa kan juna, duk malaman da ke karanta wannan takarda sun san su.

A 2010 aka kafa jami'o'i uku a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a kan harsashin cibiyoyin koyon fasaha da aka riga aka buɗe a waɗannan birane. Sa'an nan doka mai lamba 2014-40 ta ranar 19 ga watan Agusta 2014 ta kafa wasu huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Da haka kowace jiha daga cikin takwas ta samu tata. An kuma ba kowace sabuwar jami'a fannin da ake ganin ya dace da arzikin jiharta, Tilaberi ta samu kimiyyar noma, aka buɗe mata tsangayar wannan fanni. Daga baya aka raɗa mata sunan Bubakar Ba, masanin lissafi wanda ya rasu a 2013, wanda kuma shi ne ya fara shugabantar Jami'ar Yamai kafin Abdu Mumuni ya karɓa daga hannunsa a 1979.

A nan labarin yakan tsaya: lambar doka, da suna, da tsangaya, da manufa. Ba mu musa ko ɗaya daga ciki ba, kuma raba jami'o'i zuwa jihohi abu ne da ya cancanci yabo. Aibin wannan tarihi shi ne daga Yamai ake hango shi. Matsalar da yake bayani a kai matsalar Yamai ce, watau cunkoso, maganin da ya kawo kuma maganin cunkoso ne. Jihar kanta ba ta bayyana a cikin labarin sai a matsayin filin da aka kai gini.

3.0 Abin da wannan tarihi ya tsallake

Wanda ya fara ƙirga daga 2014 zai ɗauka cewa a kan faƙo aka dasa jami'ar. Alhali kuwa da wuya a sami wata jiha a Nijar da ta kai Tilaberi daɗewa da cibiyoyin binciken noma da kiwo. Makarantar horar da malaman gona ta Kolo tana nan tun shekarun 1930, kuma ta yaye ma'aikatan karkara masu yawa da suka yi aiki a faɗin ƙasar. A Sadore, kudu da Yamai, cibiyar ICRISAT ta yankin Sahel ta fara aiki a kan gero da sauran amfanin tudu cikin shekarun 1980. A Sayi an buɗe Jami'ar Musulunci a 1986, a garin da ya yi suna da malamai tun zamanin Alfa Mahaman Jobbo a ƙarni na 19.

Ƙasar Kurfai ma tana da nata kaso, kuma ba ƙarami ba ne. A Filinge Turawa suka fara aikin zaɓen irin shanun Azawak, sa'an nan a 1954 aka kafa tashar gwaji ta Tukunus, kimanin kilomita 20 arewa da garin, a kan fili mai faɗin eka dubbai. Shekara da shekaru ana auna nonon saniya a can, ana rubuta haihuwa da nauyin maruƙa, ana fitar da bijimai zuwa garkunan makiyaya na Nijar da na maƙwabta. Malaman Jami'ar Yamai sun yi aikin baye ta hanyar kimiyya a wannan tasha tare da takwarorinsu na jami'ar Turin ta Italiya. A Shikal kuma an yi shirin nan na farfaɗo da ƙasa da aka sani da suna Tapis Vert. Duk wannan ilmi ne da aka tara a cikin jihar, da ƙasarta da dabbobinta da gumin mutanenta.

Akwai kuma wani ilmin da ya girmi waɗannan tashoshi. Manomin Kurfai yana rarrabe jigawa da fadama da faƙo, ya san abin da kowace ke karɓa. Ya san dalilin da ya sa gero ke kyau a ƙarƙashin gawo, ya san amfanin barin sabara da kalgo a gona don su tare rairayin da iska ke kwasa. Matan ƙasar sun san kwana nawa ake jiƙa anza kafin ɗacinta ya fita a ci, kuma wannan sani ya tsare rayuka a yunwar 1931 da fari na 1973 da na 1984. Tarihin jami'ar noma da bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya yanke ta daga saiwarta. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Za a iya cewa wannan gardama ce ta masu son tarihi kawai, ba ta taɓa aikin yau da kullum. Amma labarin da cibiya ke bayarwa game da kanta shi ke nuna mata abokan aikinta. Jami'ar da ta ɗauki kanta magajiyar Kolo da Tukunus za ta nemi rajistocinsu, ta tura ɗalibanta can, ta ɗora daga inda aka tsaya. Wadda ta ɗauka daga 2014 ta faro, za ta sake tambayoyin da aka amsa tun kafin a haifi ɗalibanta.

4.0 Me ake nufi da jami'ar jiha?

Ana iya fahimtar wannan kalma ta hanya uku, kuma yawan ruɗanin da ake samu ya taso ne daga cuɗa su. Ta farko, jami'ar da aka gina a babban birnin jiha. Ta biyu, jami'ar da ƴaƴan jihar za su yi karatu kusa da gida. Ta uku, jami'ar da ta mai da jihar abin nazarinta, take kuma mayar wa mutanen jihar da abin da ta gano.

Ma'ana ta farko ta tabbata da dokar 2014, babu sauran magana.

Ma'ana ta biyu kuwa taswira ba ta goyi bayanta ba. Jihar Tilaberi ta kewaye Yamai ne kamar zobe, kuma manyan hanyoyinta duk a Yamai suke haɗuwa. Hanyar kwalta da ta tashi daga Filinge tana bi ta Baleyara, ta sauka Yamai bayan kimanin kilomita 180. Daga Yamai zuwa garin Tilaberi akwai wasu kimanin kilomita 115. Ke nan ɗalibin Filinge ko na Bonkuku ko na Damana, in zai je jami'ar jiharsa, sai ya ratsa birnin da tsohuwar jami'a take, ya sake shiga wata mota. Na Abala da Sanam nasu ya fi haka tsawo. Haka abin yake ga mutanen Sayi da Kolo da Torodi. A ƙidayar 2012 jihar tana da mutum fiye da miliyan biyu da dubu ɗari bakwai, kuma kaso mai yawa daga cikinsu Yamai ta fi musu kusa da garin Tilaberi. Daɗin daɗawa, a Yamai ne Bakurfaye ke da kawu ko gwaggo da za ta ba shi masauki, kuma duk wanda ya yi karatu da ɗan alawus ya san nauyin wannan.

Wannan ba laifin kowa ba ne, haka ƙasa ta kwanta. Kuma a gaskiya jami'ar ta ƙasa ce: dokar ƙasa ta kafa ta, baitulmalin ƙasa ke ɗaukar nauyinta, ƙofarta a buɗe take ga ɗan kowace jiha. Hakan shi ne daidai, kuma za mu koma kansa. Abin da muke so a gane shi ne, tun da kusanci ba zai zama hujjar wannan jami'a a wurin mutanen gabashin jihar ba, to ma'ana ta uku ce kaɗai ta rage da za ta sa su kira ta tasu. A kanta ne ya kamata a auna ta.

5.0 Kogi da tudu

Garin Tilaberi garin kogi ne. Abin da ido ke fara gani a kewayensa shi ne fadamun shinkafa da aka gyara ake ba su ruwa da injin, irin waɗanda hukumar ONAHA ke kula da su tun kafa ta a 1978, da masana'antar casar shinkafa, da masunta, da shanun bakin kogi. Can sama kuma ga madatsar ruwa ta Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008, aka sake ƙaddamar da aikinta a 2019. Duk tsangayar noma da aka ajiye a irin wannan wuri, dole hankalinta ya karkata ga noman ban-ruwa, domin nan ne gonar gwaji take kusa, nan ne kuma kuɗin gwamnati da na masu ba da tallafi suka fi zuba.

Ruwan saman da ke sauka a Filinge bai bambanta da na garin Tilaberi da yawa ba, yakan tsaya tsakanin milimita 300 da 400 a yawancin shekaru. Bambancin shi ne kogi. Kurfai ƙasar kwarin Dallol Boso ce da tuddan da ke gefensa: gero da wake a jigawa, garken shanu da tumaki da awaki, rijiyoyi da tabkunan damina, da ɗan lambun rani a inda ruwan ƙasa ke kusa. Tambayoyin manominta daban suke. Yaushe za a yi shuka in ruwan farko ya yaudari mutane? Wane irin gero ne zai nuna kafin damina ta ɗauke? Yaya za a raba ƙasa tsakanin gona da burtali, alhali gonaki suna ta hawa arewa zuwa makiyaya? Me za a ba dabba a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ƙarangiya ta ƙare, dusa ta yi tsada? Yawancin manoman jihar, har da na Zarmaganda da na Tondikanja, irin waɗannan tambayoyi ne nasu, domin noman shinkafa a siririn bakin kogi kawai yake.

A nan misalin Zariya yana da amfani. Lokacin da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an shigar da tsohuwar tashar binciken noma ta Samaru a cikinta, haka ma gonar dabbobi ta Shika, maimakon a bar su can gefe. Cikin shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa suka zauna suna bin manoman wasu ƙauyuka na ƙasar Zazzau gona-gona, suna rubuta aiki da amfanin da aka samu. Abin da suka gano shi ne haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda malaman gona na lokacin ke ɗauka rashin wayewa ne, dabara ce mai riba wadda ke rage haɗarin asara. Wannan sakamako ya canja tunanin masana a wurare da yawa na duniya, kuma an same shi ne saboda jami'a ta je ƙauye ta daɗe. Tukunus tana ƙarƙashin ma'aikatar kiwo, jami'a tana ƙarƙashin ma'aikatar ilmi mai zurfi, kuma dokar da ta kafa jami'a ba ta rushe wannan katanga ba. Ba lalle ne sai an haɗe su kamar na Zariya ba, amma rashin tunanin haɗa su tun farko yana nuna inda hankalin masu tsarin yake.

Har wa yau, batun ƙasa a Kurfai ba ya fahimtuwa sai da tarihi. A nan ne, a wajejen 1925, wata mata mai suna Shibo ta Shikal ta fito da bautar iskokin da aka sani da Hauka ko Babule, har kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama mabiyanta. Masanin tarihi Finn Fuglestad ya fassara wannan motsi a matsayin bijirewar talakawa ga sarautar da Faransawa suka ɗora wa ƙasar a zamanin Gado Namalaya. Ko an yarda da fassararsa ko ba a yarda ba, abin lura shi ne duniya ta san wannan labari ta bakin baƙi, musamman ta fim ɗin Jean Rouch da aka ɗauka a Ankara ta ƙasar Gana. Wanda zai yi nazarin mallakar gona da ikon sarakuna a kanta a yau, yana bukatar wannan tarihi kamar yadda yake bukatar awon ƙasa. Ware jami'a ga fanni ɗaya yana da hujjarsa ta tattalin kuɗi, amma yana barin masanin noma ba tare da masanin tarihi da na zamantakewa a kusa da shi ba.

6.0 Batun harshe

A nan ne ma'aunin Abdu Mumuni ya fi nauyi. Da Faransanci aka tsara karatun sababbin jami'o'in, kamar yadda aka tsara na tsohuwar. Jihar Tilaberi kuwa tana magana da Zabarmanci da Sonrai, da Fulatanci, da Tamajak, da Hausa, da Gurmanci. Ɗalibin da ya je ƙauye da takardar tambayoyi, yakan juya tambayar daga Faransanci zuwa harshen manomi a cikin kansa, ya sake juya amsar zuwa Faransanci kafin ya rubuta. A wannan juyi biyu abubuwa da yawa ke zubewa. Kalmomi huɗu ko biyar da manomi ke bambanta ƙasa da su sukan koma kalma ɗaya a cikin kundi. Bayan an kare kundin a gaban malamai, sai ya hau kanta, manomin da ya ba da yininsa bai ƙara jin labarinsa ba.

Ba za a ce Nijar ba ta da gogewa a wannan fage ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu harsuna. Dokar tsarin ilmi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Sai dai a jiha irin Tilaberi ya kamata a yi hattara da wannan magana. Abin da muke nema shi ne a mayar wa kowane manomi da sakamakon bincike cikin harshen da aka yi masa tambaya da shi: na Walam da Zabarmanci, na Bankilare da Tamajak, na Filinge da Hausa. Wanda ya mai da batun gasa tsakanin harsuna ya ɓata shi.

Kuma ko Hausar ma, wace? Jibo Garba Malka ya buga nazari a mujallar Harsunan Nijeriya ta Kano a 1978, inda ya kwatanta Hausar Filinge da daidaitacciyar Hausa, ya nuna bambancin da ke tsakaninsu. Mutumin da ke cewa "hwari" da "hili" a inda Bakano ke cewa "fari" da "fili", yana da sunayen ciyayi da na cututtukan dabbobi waɗanda ba duka ƙamus ya tattara ba. A nan dole mu masu nazarin harshe mu karɓi namu kason na laifi. Mun daɗe muna kira a koyar da kimiyya da harsunanmu, amma ƙamusun kalmomin noma da kiwo na kowane yanki, wanda malamin tsangayar noma zai ɗauka ya yi aiki da shi gobe da safe, mu ne ya kamata mu samar da shi, tare da su.

7.0 Hujjojin da za a iya kawowa

Akwai amsoshi huɗu da mai kare tsarin zai iya bayarwa, kuma kowace tana da ƙarfi.

Ta farko ita ce ta kuɗi da ma'aikata. Ƙasar da ta tashi daga jami'a ɗaya zuwa takwas tsakanin 2010 da 2014 ba za ta iya cika kowace da manyan malamai da ɗakunan gwaje-gwaje a lokaci ɗaya ba. Wannan gaskiya ne. Amma ƙarancin kuɗi hujja ce ta amfani da abin da ke akwai. Filin Tukunus da garkenta da rajistocinta an riga an biya kuɗinsu.

Ta biyu ita ce jami'a ba ofishin malamin gona ba ce, ilminta na duniya ne, kuma malami yana samun ƙarin girma ne ta hanyar hukumar CAMES, wadda ke duba maƙalun da ya buga a mujallun kimiyya. Wannan ma haka ne, kuma ba mu nemi kowa ya sadaukar da matsayinsa ba. Sai dai misalin Zariya ya nuna cewa binciken da ya fi nutsewa cikin ƙauye shi ne ya fi yin nisa a duniya. Taƙaita sakamako cikin shafi biyu na harshen gida kuma ba ya hana a buga cikakkensa da Faransanci.

Ta uku ita ce tsoron ɓangaranci. Nijar ta sha wahalar siyasar yanki, kuma jami'ar da za ta zama ta ƴan jiha kaɗai, malamai da ɗalibai, haɗari ce ga haɗin kan ƙasa. Mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari, shi ya sa muka ajiye ma'ana ta biyu. Ɗan Difa da ya yi damina a Shikal yana auna gero ya fi zama ɗan ƙasa fiye da wanda bai taɓa fita daga zauren lacca ba.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ta tsaro. A watan Maris 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jihar, ciki har da Abala, daga baya aka faɗaɗa ta. A farkon 2020 aka hana zirga-zirgar babura a sassa da yawa, alhali babur shi ne abin hawan mai bincike a karkara. An rufe ɗaruruwan makarantun firamare, mutane da yawa sun bar garuruwansu. Babu mai hankalin da zai ce a tura ɗalibi inda ransa ke cikin haɗari. Amma wannan hali yana ƙara wa maganarmu gaggawa. Yaron da aka rufe makarantarsa a 2020 shi ne ɗalibin da jami'a ba za ta gani ba bayan shekara goma. Tsohon da ya bar ƙauyensa ya koma gefen gari, yana ɗauke da sanin rijiyoyi da burtalai da irin shuka, kuma ana iya zama da shi a ɗauki maganarsa a inda yake yanzu, ba sai hanya ta buɗe ba.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa tarihin Jami'ar Tilaberi da aka saba bayarwa daidai ne amma bai cika ba, domin ya faro daga cunkoson Yamai ya tsallake abin da jihar ta tara. Mun kuma nuna cewa ga mutanen Kurfai kusanci ba zai zama hujjar wannan jami'a ba, sai dai aikin da za ta yi a kan ƙasarsu ta kuma dawo musu da shi. Bisa ma'aunin Abdu Mumuni, dokar 2014 ta amsa kiran haɗa karatu da sana'ar jama'a ta hanyar zaɓen fannin noma, ta bar batun harshe da na ilmin gida a inda ta same su.

Shawarwarinmu ba masu tsada ba ne. A rubuta tarihin jami'ar a faro daga Kolo da Filinge da Sayi. A ƙulla yarjejeniya ta dindindin da tashar Tukunus, yadda ɗalibai za su riƙa zama a can duk lokacin da hali ya yarda. A wajabta wa kowane kundin kammala karatu taƙaitawa cikin harshen ƙauyen da aka yi binciken, a miƙa ta ga gidajen rediyon karkara, waɗanda a wannan jiha ce, a Bankilare, aka fara buɗe su a 1999. Sa'an nan sassan harsuna da na tarihi na Yamai su haɗa hannu da tsangayar noma ta Tilaberi wajen tattara kalmomi da labaran baka na kowace gunduma. Jami'ar ba ta daɗe da haura shekara goma ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna fata abokan aiki na Tilaberi, waɗanda suka fi mu sanin halin da suke aiki a ciki, za su mayar da martani a waɗannan shafuka.